Tunkiyar Goggo a Cikin Salula

Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ƙarar da na ji ke nan tun daga ƙofar gida, kamar ɓera na cin ƙwarya. Ranar na dawo hutu daga lise ɗinmu, wato makarantar sakandare ta Maradi, cikin bazara, a shekarar da sojoji ke riƙe da ƙasa, rediyo ba ta da zance sai na zaɓen da aka ce za a yi. Na ajiye jakata na bi ƙarar har ɓangaren Goggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta.

Tana zaune a inuwar dogonyaro, da 'yar dala a hannu, tana kankare katin waya. Ga wasu katunan a gefe an gama da su, garinsu ya zuba a zanenta yana ƙyalli kamar ɓawon kifi. Abin ya yi mini kyau a ido kafin hankalina ya iso wurin.

"Goggo, wa za ki kira haka?"

"Kira? Ke 'yar lakol, ba ki jin rediyo ne? Ajiya nake."

Cikin fara'a ta ba ni labari. Ta sayar da tunkiyarta da 'ya'yanta a kasuwar Gazawa, don ta sami kuɗin irin gyaɗa da na 'yan ƙwadago idan ruwa ya sauka. Gamanarta, wato 'yar gonar da mahaifina ya yanka mata, ita ce duk abin da take kira nata. Bara ta binne kuɗi cikin gwangwani, gara ta shiga ta yi musu kaca-kaca. Bana kuwa ta ji ana cewa mutum na iya sa kuɗinsa a salula, ba ɓarawo, ba gara. Sai ta tafi wurin mai tebur da ke sayar da katin waya a tasha ta ce masa kuɗi za ta sa a waya. Shi kuwa ya ba ta kati na kuɗin duka.

A nan ƙauyenmu, tun da salula ta zo, "sa kuɗi a waya" ma'anarsa ɗaya ce: a sayi kati a kankare. Da sabuwar ajiyar ta zo, da wannan kalmar dai ta zo. Ba wanda ya zauna ya faɗa mana cewa waya aljihu biyu gare ta, na magana daban, na ajiya daban.

Na karɓi wayar na danna. Da lambar ta fito, sai na ga kamar kuɗin duka a aljihun magana suke. Ni kaina ban tabbata ba, ina fata ni ce ban gane ba.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa Gazawa, shagon da aka liƙa wa sabon allo na ajiya. Mai shagon ya duba wayar, ya dubi Goggo, ya cire hularsa ya mayar.

"Hajiya, wannan ai kiredi ne. Kuɗin magana. Ba ya fita sai ta baki. Kuma yana da wa'adi, in ya cika ya tafi."

"To ka fiddo mini rabi."

"Wallahi ko dala ba ta fita."

Muka koma wurin mai tebur. Ya ce, "Ni abin da ta tambaya na ba ta. Da ba ta kankare ba sai in karɓa. Ƙwai in ya fashe ai ba ya komawa ɓawo."

Goggo ta tsaya tsakiyar tasha, yaran mota na ta kiran fasinja, Agiye, Agiye. Ta dube ni.

"Wato, ɗiyata, tunkiyata ta zama surutu?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Daga ranar ta shiga kira. Ta nemo dangin da aka daɗe da mantawa a Jibiya da Katsina, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar awakinsu. Maƙwabta suka riƙa zuwa su kira 'ya'yansu da ke ci-rani, tana miƙa musu tana cewa, "Yi ta faɗi, ki ci rabonki na ƙafar tunkiya." Suna dariya, ni kuwa kowace gaisuwa sai in ji kamar ana zubar da irin gyaɗa a rijiya.

Da ruwa ya sauka, mahaifina ya ɗebo mata gero daga rumbu ta shuka rabin gamanar. Ita kaɗai ta nome shi. Ɗaya rabin ciyawa ce ta gaje shi.

Sai bayan shekaru, ina aiki a wani buro, wato ofis, a Maradi, na ji abokiyar aikina tana faɗin yadda ta yi karatu da sana'ar tura wa mutane kiredi daga wayarta zuwa tasu, su ba ta kuɗi a hannu. Na tambaye ta tun yaushe ake iya yin haka. Ta ce tun kafin shekarar sojoji.