Manoman da Suka Maƙale a Fayil

Na koyi Java, yaren rubuta manhaja, a kan wayata, a tsakar gidanmu da ke Gomari. Kwamfuta sai a mafarki. Shi ya sa ranar da wani ofishi a GRA ya kira ni gwajin ɗaukar aiki, na tafi ina ƙiyasta matashin manaja, dogo, mai ƙamshin turare, irin na littattafan da nake ɓoyewa cikin jaka.

Wata Hajiya mai tabarau na tarar. Ko murmushi babu. Ta ba ni sunayen manoman Konduga da za a raba wa iri, ta ce in rubuta manhajar da za ta zuba su cikin fayil, kowane suna a layinsa.

"Minti talatin, 'yata. Ana kiran azahar za mu kashe janareta. Mutum uku na jira a waje."

Na gama cikin minti goma. Na buɗe fayil, sai ga sunayen duk a haɗe, layi guda mai tsawo kamar igiya. A wayata kowane abu da kansa yake sauka ƙasa, domin umarnin da ke rubutu a kan allo nake amfani da shi. Wanda ke rubutu cikin fayil kuwa ba ya sauka sai an ce masa. Na sa newLine, umarnin sauka sabon layi, bayan kowane suna. Suka jeru. Na sauke numfashi.

Hajiya ta ja kujera, ta gangara har ƙarshe da yatsanta mai lalle.

"Ina sauran? An yanke wannan bawan Allah a tsakiyar sunansa. Ko su ba za su yi shuka ba bana?"

Daga masallacin layin na ji ana gwada lasifika. Na zuba wa rubutuna ido. Can na tuna: shi wannan umarnin mai rubutu cikin fayil tara haruffa yake yi a cikinsa, sai ya cika yake juyewa, ragowar kuwa tana nan sai an rufe shi. Ni ban taɓa rufe komai ba a waya.

Na ƙara close, umarnin rufewa, a ƙasa, na danna. Aka kashe janareta, fanka ta tsaya, amma batirin kwamfutar ya riƙe, sunayen suka fito cif.

Ta karanta sunan ƙarshe a bayyane, ta cire tabarau.

"Gwajin wata ɗaya. Litinin, ƙarfe takwas. Tashi mu yi alwala."