Littafi na Tara da Matan Gidan Suna

Shekara shida ina rubuta labarin nan a waya, ba wanda ya san ni ce sai mijina. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura. In na taso na sauke abincin rana, sai in zauna gindin darbejiyar gidanmu in yi ta dannawa har a kira la'asar. Da wani layi daban nake turawa, da sunan aro, a guruf ɗin da mata ke taruwa karatu. Tun muna tsiraru har abin ya bazu, ana karanta shi har ƙetaren iyakar Kongolam, cikin Nijar.

Labarin wata 'yar maƙera ce da aljanu suka ƙwace birninsu tana goye. Ta girma a gudun hijira, ta ƙera takobinta da hannunta, ta ratsa duniyoyi tana tara runduna, kuma rundunar ta rantse duk wanda ta samu a birnin sai ta ƙone shi. Littafi takwas ana wannan shiri. A na tara, na ƙarshe, ta shiga birnin ita kaɗai da shigar mai tallan gishiri don ta ga hanya. Sai ta tarar aljanun sun daɗe da yin gaba. Waɗanda ke ciki mutane ne, bayin da suka bari da 'ya'yansu. A maƙerar ubanta wata mata ce take yi wa ɗanta wanka. 'Yar maƙeran ta fito ta sallami runduna. Ba a yi yaƙi ba, ba ta hau sarauta ba, ba ta kuma auri sarkin yaƙin da kowa ya ƙwallafa rai a kansa ba.

Ranar da na tura shafin ƙarshe wayata ba ta huta ba. Wata ta ce na ci amanarsu. Wata ta ce hala marubuciyar ta rasu ne wani ya ƙarasa mata. Wata malama ta rubuto doguwar wasiƙa tana lissafa mini alkawuran da na ɗauka tun littafi na biyu. Na karanta duka, ban tanka wa kowa ba.

Bayan mako guda muka tafi suna garin Babban Mutum, gidan 'yar kawunmu, ni da Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara bakwai, tela ce, kuma in tana wuri ba a jin muryar kowa sai tata. Na san tana karanta labarin, na sha jin tana ba masu kawo ɗinki, amma ban taɓa nuna mata komai ba. Muna zaune a tsakar gida ana tsintar shinkafa wata ta tayar da zancen. Nan da nan mata biyar suka ɗauka. Ni dai kaina na kan faranti. Har sai da Yaya ta ce marubuciyar nan matsoraciya ce, kuma daga gani 'yar gata ce da ba ta san zafin a raba mutum da gidan ubansa ba.

Wannan ce ta yi mini zafi. Gidan mahaifinmu yana cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu. Bayan rasuwarsa aka raba gado, gidan ya fita hannunmu ina 'yar shekara tara. Har yau Yaya ba ta bin lungun. Ni ma na girma da haushin mutanen da ke ciki ban ko san fuskarsu ba, kuma da wannan haushin na fara labarin. Ina cikin littafi na takwas wata rana na yi sallama na shiga gidan, na ce ruwa nake nema. Matar gidan ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin innarmu, ta kawo ruwan randa, ta koma ta ci gaba da cuɗa ɗanta. Ba ta san ko wace ce ni ba. Na sha na yi godiya na fito.

Na ajiye farantin na ce, “Yaya, ni ce na rubuta.”

Aka yi dariya. Na buɗe wayar na miƙa mata, ta ga shafukan tun na farko, har da waɗanda ban tura ba. Ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago sai ta ce to ai abin ya zo da sauƙi, tunda 'yar gida ce, in koma in gyara.

Na ce, “Ko harafi ɗaya ba zan taɓa ba.”

Suka yi mini ca. Wata ta ce su suka raya labarin shekara shida, suna da haƙƙi a kansa. Na ce haƙƙinsu su karanta, su so ko su ƙi, su zage ni ma in sun ga dama, amma hannun da ya rubuta nawa ne. Wata amarya daga gefe ta ce ita ma ba ta ji daɗin ƙarshen ba, sai dai sau uku tana karanta shi, ta rasa dalili. Ba wadda ta goyi bayana sama da haka.

A motar dawowa, da muka kusa gari, Yaya ta ɗauko zancen. Ba ta dube ni ba ta ce, “Gidanmu kika saka a ciki.” Na ce e.

“Ke kin yafe, ni ban yafe ba. Don me za ki yafe da bakin yarinyar da ni ma nake da rabo a cikinta?”

Na ce mata ban ce yarinyar ta yafe ba. Amma na ga matar nan da idona, na sha ruwanta, ba zan sa a cinna mata wuta don ran wani ya yi sanyi ba, ko da a labari ne.

Kafin mako ya zagayo asirina ya gama gari. Mata da dama suka fice daga guruf ɗin. Iyayen yara suka riƙa tare ni a ƙofar makaranta, wasu da wasa, wasu da gaske, duka amsa ɗaya nake ba su. Yaya kuwa ta zauna ta ɗauki muryarta a waya, ta ba da nata ƙarshen: an yi yaƙi kwana uku, birni ya ci wuta, an ɗaura aure a kan toka. Mata suka yi ta yabo. Na saurara har ƙarshe, na kira ta na ce wallahi ta fi ni iya ba da labarin yaƙi, don gaskiya ce. Da suka nemi in sa hannu a mai da shi littafi na tara na gaskiya, na ce a'a, a rubuta sunanta a kai, nata ne.

Muna zumunci yadda muka saba, ita ta ɗinka mini kayan sallar bana. In baƙuwa ta zo shagonta ina nan, takan nuna ni da almakashi ta ce ga wadda ta ɓata musu labari. Ni kuma in gyara zama in tambayi baƙuwar ko ta karanta har ƙarshe.