Malam Ashafa, Mai Amsa Sallamata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Oktoba, 1999, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ashafa Ilu a gidansa na Sheshe, bayan jinyar kwana tara. Malaminmu ne kuma abokin aikinmu a sashen tarihi na jami'a.

Malam, na san da kana nan da ka hana ni wannan rubutu. To, yau sai na faɗa.

Shekara huɗu ke nan da na ƙi sa sunan shugaban sashenmu a kan maƙalar da ni kaɗai na rubuta. Ina ƙaramar malama, shi Farfesa. Bai zage ni ba. Kundin digirina na uku ya kulle a durowa, ya jibga mini azuzuwan da kowa ke gudu, sannan ya daina amsa sallamata. In shiga ɗakin malamai in yi sallama, ya ɗauke kai, sauran ma su sunkuyar da kai don tsoro. Wallahi wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Ran nan na yi sallama, sai muryarka daga lungu, bakinka cike da gurasa: "Wa alaikumus salam, Malama Rukayya!" Ka juya wajen Farfesa ka ce, "Ranka ya daɗe, amsa sallama wajibi ne a kan jama'a, amma in ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Na ɗauke maka."

Haka ka yi ta ɗauke masa har shekara huɗu. Sau biyu ina zuwa zaurenka da niyyar ajiye aiki, kana kora ni da tsokana: "'Yar unguwar Zaitawa guda, ki gudu saboda fuskar shanu? Je ki kawo babi na gaba." Ka karanta kwafin kundin babi-babi da jan bironka, ka koya mini ajiye kwafin kowace takarda. Da soja suka koma bariki bana, aka sauya shugabannin jami'a, ka zo a tsohuwar Vespa ɗinka kana dariya, ka ce an buɗe durowa.

Sai a zaman makoki maiɗakinka, Hajiya Indo, ta gaya mini abin da ka ɓoye. Sau uku Farfesa ya danne ƙarin girmanka, ya aiko maka cewa ka bar amsa wa yarinyar nan, takardunka su wuce. Ka ce a gaishe shi. Ka rasu a matakin da na same ka, ni kuma ina ta kawo maka kukana ban taɓa tambayar naka ba. Ka yafe mini, Malam.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa mala'iku su tarbe ka da sallama. Hajiya Indo, da 'ya'yanka Umair da Ikram, da jama'ar Sheshe, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Amin.