Waƙar Anti Rifkatu da injin niƙa ya cinye

Anti Rifkatu ta rasu.

Da safen nan ƙanwarta Hannatu ta kira ni ina cikin buɗe shago. Na tsaya da kwaɗo a hannu, na kasa shiga, na kasa komawa gida. Wai jiya ta ce ƙirjinta na ciwo, kafin a iso da ita asibiti a nan Kafanchan rai ya yi halinsa.

Yawancinku a fim kuka san ta. Ita ce 'yar aikin nan da ke fasa faranti ana dariya, ko mai sayar da burkutu a bayan gari. Daga wasan kwaikwayon zumuntar mata a cocinsu na Kagoma ta fara, ta tafi birni, ta yi kusan shekara ashirin a gaban kyamara, ba a taɓa ba ta matsayin da ya wuce wannan ba. Ta ce min akan tsayar da ɗauka a ce mata, Hausarki ta yi kyau da yawa, ƙara karya ta. Sai ta karya. Tana da yara biyu a makaranta, me za ta yi?

Bara ta shigo shagona, inda nake haɗa bidiyon biki, ta dire na'urar ajiya a kan tebur.

“Bulus, na gaji da wanke kwano na mutane. Wannan fim da yare namu ne daga farko har ƙarshe. Kai za ka yi editin.”

Na ce Anti, ni fa Bajju ne, yarenku ko sannu ban iya ba.

“Ba kunne naka nake so ba, ƙane na. Hannu naka nake so.”

Haka muka yi aikin kuwa. Ba rubutaccen labari, don tsofaffin matan ƙauyensu ta sa a fim ɗin, ta ba su labarin da baki, suka yi maganarsu yadda ta zo musu. Komai yana kanta. Takan zauna a bayana, in ta taɓa kafaɗata sau ɗaya in yanke, sau biyu in koma baya. Wani lokaci ta yi ta dariya har da hawaye, ni ina zaune kamar gunki, ban san me aka ce ba.

Ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Gwaten acca a kula, ko ƙullin citta ta ce in kai wa madam. Da aka yi wa matata tiyatar haihuwa, kwana uku ta yi a asibiti tana wanke kayan jariri, nas-nas suna ta ɗaukar hoto da ita.

Abin da ke ci na ke nan, bari in faɗa muku.

A ƙarshen fim ɗin ita kaɗai ce a bakin kabari, tana rera waƙar da tsofaffi ke yi wa mace in ta mutu, tun kafin a koma waƙoƙin coci. Wajen kakarta ta koya, kakar kuma ta daɗe da rasuwa. Ɗauka ɗaya aka yi, kukan gaske ta yi. Amma tana fara waƙar aka tayar da injin niƙa a maƙwabta, ƙararsa ta danne muryar gaba ɗaya. Gyaran ba wuya: ta zo shago ta sake rerawa, in ɗora a kan hoton. Aikin rabin awa.

Sau uku ta zo.

Na ƙarshe ranar Talata ne, mako biyu da suka wuce. Ta tsaya a bakin ƙofa, mai acaɓa na jiran ta.

“Minti talatin kawai, ƙane na. Yau murya na yana nan.”

Na ce Anti, don Allah bari a wuce Kirsimeti, amare sun sa ni gaba. Ko juyowa sosai ban yi ba, idona na kan amaryar wani tana yanka kek.

Ta ajiye min lemu huɗu a kan tebur.

“To. Amarya ba ya jira, na sani. Ni zan jira.”

Ban raka ta waje ba.

Ɗazu na kunna wurin waƙar a fim ɗin. Ga fuskarta, ga bakinta yana motsi, ga hawaye, amma injin niƙa kawai ake ji. Na kira Hannatu ko ta san kalmomin. Ta ce, “Kai Bulus, mu waƙoƙi na coci muka tashi da shi. Yaya ne kawai ya riƙe wannan.”

Shekara ashirin ana sa ta ta karya harshen wasu. Sau ɗaya ta buɗe baki da nata, ni kuma na ce ta jira. Ban san yadda zan yafe wa kaina ba, ban kuma ga ranar ba.

Mutanen Kagoma, in akwai mai tsohuwa a gida da za ta iya kallon bakin nan ta gane abin da yake faɗa, ku yi min magana, ni zan ɗauko kwamfutar in zo har gida.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka ba ta hutawa a wurinka, ka ta'azantar da yaranta. Duk wanda ya karanta wannan, ya tsaya ya yi mata addu'a. Ku sa ni ma a ciki, don tun safe hannuna na kan kwamfuta, ban san inda zan yanke ba, kuma ba wanda ya taɓa min kafaɗa.