Dramani Mai Ja Da Baya

Duk wanda ya zauna unguwar Nima ko Maamobi a shekarun da Gana ta sami 'yancin kai ya san Dramani mai hoto, kuma da wuya ka ga wanda bai taɓa yi masa tsiya ba. Mutumin Salaga ne, dogo siriri. Dako ya kawo shi Accra, ya ƙare da akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle.

Aibinsa ɗaya, ja da baya. Ka ci ado, ka sha turare, ka hakimce a kujera, sai ya sunkuci akwatinsa ya yi ta komawa baya har ya kusa faɗawa kwata. In hoto ya fito, ga gidanka, ga na maƙwabci, ga akuyar wani, kai kuwa kanka bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

"Haba Dramani! Ni na kira ka ko bango?"

"Ai ba a sama kake zaune ba," shi ke nan amsarsa.

Kowane hoto biyu yake wankewa. Ɗaya naka, ɗayan ya rubuta kwanan wata da sunayen mutanen ciki da ajami a bayansa ya jefa a adaka. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

A 1962 Lamisi mai koko ta shigo masa a gigice. Mijinta Moro ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya huɗu a gidan da ya gina. Wani mai hali ya fito da takarda, wai tun 1955 ya sayi wurin yana fili fetal, daga baya aka shigar masa. An shafa wa bangonta jan fenti, kwana goma za a rushe. Shi kuwa Moro da baki aka ba shi filin, da goro da shaidu, shaidun kuma wasu sun mutu, wasu sun koma gida.

Dramani ya zazzage adaka. Wuni biyu yana tono kafin ya ci karo da hoton ranar sunan Sala 'yar Lamisi. Ya sa babbar rigarsa, suka nufi ofishin filaye.

Akawun ya juya hoton ya taɓe baki. "Papa, wannan rubutun na baya ko jiya kana iya yinsa."

Ran Dramani ya ɓaci. Shi za a ce wa maƙaryaci? Ya haɗiye, ya ɗora yatsa can gefen hoton, inda in da wani mai hoton ne da tuni ya yanke.

"Yallaɓai, mene ne wannan?"

"Famfo."

"Na gwamnati ne, yau kuma babu shi a wurin. Ku da ko ƙusa ba ku cirewa sai kun rubuta, duba mana yaushe kuka tuge shi."

Akawun ya aika aka ɗauko wani tsohon littafi na zamanin Turawa, gara ta ci gefensa. Ya yi ta buɗa shafi yana lasar yatsa, Lamisi na ta salati a hankali. Can sai ya tsaya. An cire famfon a 1954. Ga famfo a hoto, ga gida a bayansa da rufin kwanonsa, shekara guda kafin ranar da mai takarda ya ce wurin fili ne.

Aka soke rusau. Akawun ya ce a bar masa hoton ya liƙa a littafin.

"Ba na ba da mutanena haka kawai," in ji Dramani. "Ɗauki alƙalami."

Ya tsaya ƙyam, ya shiga karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha ɗaya, kowa da garinsu, akawu na rubutawa. Da ya zo kan na tsakiya mai farar hula, sai ya ɗaga murya har na bakin ƙofa suka juyo.

"Moro, mutumin Bawku. Rubuta: mai gida."

Lamisi ba ta iya karatu ba, amma ta matso ta ce a nuna mata inda aka sa shi. Akawun ya nuna mata. Ta ɗora tafin hannunta a kan layin, tawada ko bushewa ba ta yi ba, ta fashe da kuka.