Mutumin Damagaram Mai Barci a Zaune

Lokacin da nake aiki a shagon kago, na aika kaya gida, a unguwar Naif can ƙasar Larabawa, akwai wani mutumin Damagaram da kullum bayan azahar yake zuwa ya zauna a matakalar da ke gefen shagonmu. Dogo ne, da baƙin tabarau, waya a hannu. Ba ya saye, ba ya dako, ba ya kula kowa.

A shekarar, mutanenmu da dama aiki ya yanke musu, sun rasa makwanci, sai su shimfiɗa kwali a lungu. Masu sintiri kan tashe su, su nemi takardu, wasu a wuce da su. Shi kuwa ko kallonsa ba sa yi.

Maigidana, wani Alhaji ɗan Kano, shi ya fara cewa, "Wannan kunnensu ne. In ba haka ba, me ya sa ba a taɓa shi?"

Daga nan, da ya zauna sai hira ta mutu. Masu dakonmu da bizarsu ta ƙare suka koma bi ta ƙofar baya.

Ranar da aka kwashe mutum biyu a lungunmu, raina ya ɓaci, na je na tsaya a kansa na yi sallama. Shiru. Na sake. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura, wayar ta faɗi. A kashe take.

"Malam, wa kake yi wa aiki?" na ce.

Ya cire tabarau, idanun jajur. "Barci nake, ɗan'uwa. Wanda ya kwanta shi ake ɗauka. Na zaune kuwa, sai a ce jiran wani yake, khalas, shi ke nan."

Ya ce tun da aka kore shi daga ɗaki a unguwar Muraqqabat bai miƙe bayansa ba, sai a sujada. Ya nuna mini ƙafafunsa, sun kumbura har sun fi ƙarfin takalmin.

Na kai wa Alhaji labari. Ya taɓe baki. "To da me kake so ya ce maka?"

Na ɗan riƙa ajiye masa ruwan sanyi, amma ban yarda na ambaci sunan kowa a gabansa ba. Kafin azumi ya daina zuwa. Masu dako suka ce an mayar da shi gida. Alhaji ya ce unguwa aka canza masa.