Man Riɗi da Saƙiyar Yaya Idrisa

Da kakar bana Yaya Idrisa ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ana tsakiyar yankan riɗi ya rasu, lokacin da garinmu Gadarif, a nan Sudan, kan cika maƙil da leburori, manyan motoci na kwasarsu zuwa gonakin Simsim da Fashaga. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa. Duk shekara nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Mutanen gonaki makanikin tarakta suka sani. Mu a gida mun san wani mutum daban. Da zarar kaka ta wuce, taraktoci sun huta, sai ya shige ɗakin bakin ƙofa da tarin wayoyi da filaya. A nan ya gina wata aba da ta fi shi tsawo: hanyoyin waya biyu-biyu, suna karkacewa suna nannaɗewa daga sama har ƙasa. Ya tara 'yan ƙwallayen ƙarfe da yake cirowa daga matattun boris na ƙafafun tarakta, waɗanda muke kira bili. In ka juya hannun da ya yi da fedar keke, sarƙa ta ɗauki bili ta kai ƙololuwa ta sake shi. Sai ya gangaro, ya kewaya, ya faɗa cikin cokali, cokalin ya sunkuya ya miƙa shi ga wata hanyar, ya bugi finjalin gahawa, ya ɓace, ya ɓullo inda ba ka zata ba. Maƙwabta suka raɗa mata Saƙiya, don tana ɗiba tana zubarwa kamar saƙiya, keken ban ruwan nan na bakin kogi.

Ni bakina ba ya ajiye magana. Na taɓa ce masa, "Yaya, wai ita wannan me take nomawa?" Ya ce, "Dariya, ya Zainabu. Kuma ba ta jiran ruwan sama."

Da ya rasu, matarsa Hajja Maryam ta shiga takaba, ni kuma na ɗora wa kaina kula da Saƙiya ba tare da kowa ya sa ni ba. To, kun san halinmu a garin nan. Yaro ya yi zazzaɓi, man riɗi. Ƙofa ta yi ƙara, man riɗi. Tsoho ya kwana da ciwon baya, man riɗi. Ba mu san wata hanyar nuna ƙauna da ta wuce shafa mai ba. Saboda haka duk Juma'a sai in taso daga unguwarmu da kwalba, mai kyau wanda raƙumi ke juya turmin matsarsa, in bi kowace waya da gashin kaza ina shafawa. Hajja na zaune daga bakin ƙofa tana dafa gahawa. In na gama mu sha, in tafi.

Da farko bili gudu ya ƙara, har na yi ta yabon kaina. Daga baya ya fara nawa. Sannan ya riƙa tsayawa a tsakiyar hanya kamar jakin da ya ƙi tafiya. Na ce ai ko ƙarfe ya san maraici, na ƙara mai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo Gadarif ta yau, me zai ce? Garin da ya sani yana cika da baƙi da kaka, su watse da rani, yanzu ya cika da baƙin da ba su san ranar komawa ba. Gidansa ma bai tsira ba. Surukan ɗansa Usman sun gudo daga garin Madani saboda yaƙi, da 'ya'ya da tsofaffi, suna kwana a rumfar tsakar gida, ga sanyi ya ƙarato. Usman ya same ni yana sunkuyar da kai. "Gwaggo, in tana aiki, wallahi zan nema mata wuri. In ba ta yi, kalas, shi ke nan, mutane na bukatar ɗakin." Na roƙe shi 'yan kwanaki. Na rantse masa za ta tashi.

Washegari na zo da kwalba cike. Ina buɗe murfin Hajja ta ce, "Ajiye man nan, ya Zainabu. Yayanki bai taɓa sa mata mai ba. Da busasshen tsumma yake goge ta. Ko abinci ya ci, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa waya. Mai shi ke kama ƙura, ƙura ta zama danƙo."

Na ce, "Hajja, kin sani, kika zuba mini ido duk shekarun nan?"

Ta ce, "Malesh, yi haƙuri. Na ga kina zuwa duk Juma'a. Na ce in na faɗa, zuwan zai yanke."

Na kankare wayoyin da kananzir har hannuna ya saluɓe. Danƙon ya fita, amma garin gurzawa na tanƙwara abin da ban san yadda zan mayar ba. Gangaren kowace hanya a babban yatsan Yaya yake, da shi kuma aka binne shi. Bili ya karya kwanar farko ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, na sake ɗorawa ya sake faɗuwa. Garin neman gira na rasa ido. Aka fitar da Saƙiya aka jingine ta a bayan gida, baƙi suka shimfiɗa tabarmi a ɗakin. Na san da Yaya na nan, shi zai fara kama ƙafarta a fitar. Sanin haka bai rage mini komai ba. Da hannuna na kashe abin da ya fi so, ina murna ina ganin hidima nake yi.

To me ya saura na Yaya Idrisa? Taraktocin da ya gyara sun daɗe da zama tarkace. Saƙiya damina biyu za ta gama da ita. Akwai magidanta a unguwar da har yau in an ambace shi sai sun yi murmushi, don sun tuna ranar da aka ɗaga su suna yara suka juya hannun. Dariyar da ya noma ke nan, ba ta shiga buhu, ban kuma san iya shekarun da za ta kai ba. Abin da ya bari mai rai, wanda ya fi bukatar kulawa, yana zaune a bakin ƙofa ne duk tsawon lokacin nan, ni kuwa na juya masa baya ina lallashin ƙarfe.

Juma'ar da ta wuce na je, kunya kamar ta kashe ni, don ba ni da sauran dalilin zuwa. Hajja ta dube ni, ta dubi kwalbar da na manta ban cire daga jaka ba. Ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, duk sun kumbura, ban taɓa lura ba.

Ta ce, "Kawo nan. Su suna so."